Sanyin Jos da Mambila ya daina tare zazzaɓin cizon sauro ne?

Tambaya: "Likita, ni ɗan kasuwa ne a Yankaba, ina sayo dankalin Turawa daga Bokkos ta jihar Filato, ƙanena kuma yana zaune da iyalinsa a Gembu, kan tsaunin Mambila. Mun taso muna jin cewa ƙasar sanyi ba ta da zazzaɓin cizon sauro. Yanzu kuwa duk sanda muka yi waya sai ya ce min wani yaron na kwance. A rediyo ana cewa sauyin yanayi ne ya kai sauro kan tsaunuka. Haka ne, ko da wani abu a ƙasa?"

Alhaji, Allah ya ba yaran lafiya. Abin da ka ji a rediyo ba ƙarya ba ne, amma rabin zance ne. Zafi ya ƙaru a tsaunukan Afirka, an auna an gani, kuma yana taimaka wa cutar ta hau inda da ba ta iya kaiwa. Sai dai manyan annobobin da aka yi a kan tudu cikin shekaru arba'in da suka wuce, in ka tona, za ka tarar da hannun mutane dumu-dumu a ciki: ko magani ya daina ci, ko an daina feshi, ko an sare fadama an yi gona, ko yaƙi ya tarwatsa jama'a. Bari in fara da sanyin, don sai an gane aikinsa sauran bayanin zai zauna.

Yawancin mutane sun ɗauka sauro sanyi yake kashewa. Yana rage shi kam, amma babban aikinsa a kan ƙwayar cutar ne da ke cikin sauron. Macen sauro in ta sha jinin mai zazzaɓi yau, ba ta iya harbin wani gobe. Sai ƙwayar ta manne a jikin tumbinta ta girma, ta fashe, 'ya'yanta su taru a cikin yawunta tukuna. Wannan yana cin kwanaki, kuma zafin gari ne ke yanke yawansu. A tsohon lissafin da aka daɗe ana aiki da shi, in zafi yana digiri 25 ƙwayar na bukatar kamar kwana 12. A digiri 20 sai ta kai kwana 28, a 19 kwana 37, a 18 kuwa kwana 55. Ƙasa da 16 ba ta girma sam. Binciken baya-bayan nan ya nuna ta ɗan fi haka sauri a cikin sanyi, amma tsarin bai canja ba. Shi kuwa sauro ba mai tsawon rai ba ne, ƙalilan ne ke wuce mako biyu zuwa uku.

Yi wannan lissafin tare da ni, tunda kai ɗan kasuwa ne. A ce cikin kowane sauro goma, ɗaya na mutuwa kullum. A garin da ke digiri 18, cikin sauro dubu da suka ɗauki cutar, uku kacal za su rayu har ƙwayar ta nuna. In garin ya koma digiri 19, sun zama ashirin. Digiri ɗaya tak, amma masu harbi sun ninka kusan sau bakwai. Kawo wannan digiri ɗayan nan Kano a damina, daga 26 zuwa 27: masu tsira za su tashi daga kamar 310 zuwa 350, canjin da ba wanda zai lura da shi. Shi ya sa maganar ɗumamar yanayi da wannan cuta ta fi nauyi a kan tsauni. Mu nan ƙarin zafi ma ba lallai ya ƙara ta ba, don cutar ta fi yaɗuwa a wajajen digiri 25, in aka haura 30 da ɗoriya sauron da kansa yake galabaita. Ka lura da bazara, watan Afirilu da gari ke kaiwa digiri 40, ai ba lokacin zazzaɓi ba ne. Namu yana tashi ne daga Agusta zuwa Oktoba.

Duk hawan mita dubu, zafi na sauka da kimanin digiri shida. Kano tana wajen mita 480 daga doron teku, Jos mita 1,200, Mambila yawancinta daga 1,500 zuwa 1,800, Nairobi kusan 1,800, Addis Ababa ta haura 2,300. Daga nan za ka ga cewa maganar da muka taso da ita a kan Jos akwai ƙari a cikinta. Tsayin Jos bai taɓa isa ya hana zazzaɓi ba, rage shi kawai yake yi. Mambila ce take daidai kan iyaka, kusan tsayi ɗaya da wuraren Kenya da Yuganda da Habasha da aka fi yin bincike a kansu.

Zama kan iyakar nan yana da tsada, kuma nan ne nake so ka tsaya sosai. Mutumin Kano da ya kai shekara talatin, sauro mai cuta ya cije shi ba adadi tun yana goye. In ya tsallake yarinta, jikinsa ya saba. Zazzaɓi ya kama shi, ya yi kwana biyu yana ciwon kai da gaɓoɓi, ya haɗiyi magani ya koma rumfarsa. Shiga ɗakin yara na kowane babban asibiti a garin nan cikin Satumba ka ga waɗanda cutar ke kayarwa: 'yan shekara ɗaya zuwa huɗu ne, tafin hannu fari fat saboda jini ya ƙone, wani yana jijjiga uwa na riƙe da ƙafarsa, uba kuma yana waje yana neman wanda jininsu ya zo ɗaya. Babba ba kasafai ba, sai mai juna biyu. A kan tsauni ba haka ba ne. Wanda ya girma inda cutar ke zuwa sau ɗaya a shekara biyar ko goma bai tara wannan garkuwa ba. In ta zo, ba ta bambanta jariri da magidanci. Ƙato mai noma zai faɗi ya suma, fitsarinsa ya yi baƙi, ƙoda ta tsaya. Gida guda ya kwanta gaba ɗaya, babu mai ɗebo ruwa balle mai kai wani asibiti, amfanin gona ya lalace a tsaye.

Haka ta faru a Habasha a 1958. Shekarar ta zo da ruwa da ɗumi fiye da yadda aka saba, cutar ta hau tsaunukan da ke tsakanin mita 1,600 da 2,150, aka kiyasta mutum miliyan uku sun kamu, 150,000 sun rasu, cikin watanni kaɗan. Lura da shekarar. Tun kafin a fara zancen ɗumamar duniya tsaunuka suna shan wannan annoba, musamman in aka yi shekara mai ɗumi.

Gardamar masana ta taso ne daga baya, kuma cibiyarta wani gari ne mai suna Kericho a yammacin Kenya, ƙasar gonakin shayi, wajen mita 2,000. Asibitin ma'aikatan gonakin ya ajiye lissafin marasa lafiya tun shekarun 1960, abin da ba a cika samu a nahiyarmu ba. Lissafin ya nuna an yi shekaru cutar tana kwance, sai a shekarun 1990 ta yi tashin gwauron zabo, kusan kowace shekara da annoba. A 2002 Simon Hay da abokan aikinsa suka buga bincike a mujallar Nature cewa sun duba bayanan yanayin Kericho da Kabale ta Yuganda da wasu wurare biyu a Ruwanda da Burundi, ba su ga wani ƙarin zafin a-zo-a-gani ba. Suka karkata ga wasu dalilai, musamman mutuwar kulorokwin. Hujjarsu tana da ƙarfi, domin tun 1978 aka fara ganin ƙwayar da kulorokwin ba ya kashewa a gabashin Afirka, zuwa shekarun 1990 kuwa ta game ko'ina. In magani bai kashe ƙwayar ba, mutum zai ji sauƙi ya miƙe, amma tana nan a jininsa makonni, duk sauron da ya cije shi ya ɗauka.

A 2006 Mercedes Pascual da nata ayarin suka sake duba wuraren nan huɗu da bayanai masu tsawo, suka ce a'a, zafi ya ƙaru da kamar rabin digiri tun ƙarshen shekarun 1970, kuma rabin digiri a wannan tsayi ba abin wasa ba ne, kamar yadda lissafinmu na sama ya nuna. A 2011 aka tace bayanan ma'aunin zafin da ke Kericho ɗin kansa, aka samu ƙarin kimanin digiri 0.2 duk shekara goma tun 1979. Wato a kan batun zafi, ɓangaren Pascual ne da gaskiya. To amma ga abin da ya biyo baya: daga tsakiyar shekarun 2000, da Kenya ta koma sabon magani mai haɗin atimisinin, ta raba gidan sauro, ta yi feshi a gundumomin tudu, sai zazzaɓin Kericho ya faɗi warwas, alhali zafin bai sauka ba. Ni a wurina wannan ne darasin Kericho, ya fi gardamar kanta amfani.

Hujja mafi tsafta a kan rawar da zafi ke takawa ta fito a 2014 a mujallar Science. An ɗauki yankin Debre Zeit na Habasha da yankin Antiyokiya na Kolombiya, aka bi shekara-shekara ana duba tsayin da masu cutar suka fi taruwa. Shekarar da ta yi ɗumi cutar ta hau sama, shekarar da ta yi sanyi ta gangaro, a nahiyoyi biyu da ba abin da ya haɗa su. Wannan ba a iya jingina shi ga magani ko ƙaura, don su ba sa bin ɗumi ko sanyin shekara.

Ruwan sama kuwa ba shi da alƙibla ɗaya. A 1997 zuwa 1998 an yi El Nino mai ƙarfi, wato ɗumamar ruwan tekun Fasifik da ke birkita damina a duniya. Kabale da yammacin Kenya suka sha annoba. A tsaunukan Usambara na Tanzaniya kuwa ruwan ya fi ninki biyu na yadda aka saba, amma zazzaɓi raguwa ya yi, ga alama ruwan ne ya wanke tsutsotsin sauron ya tafi da su. Wani lokacin ma fari ne ke kawo ta, in kogi ya tsinke ya bar 'yan tabkuna a kan yashi.

Yanzu ga ɓangaren mutane, wanda rediyo ba ta cika faɗa ba. Sauron da ke ɗauke da wannan cuta ba shi ne na kwatamin unguwa mai kuka a kunne ba, wancan wani jinsi ne daban. Na zazzaɓi yana son ruwa mai ɗan tsabta, marar zurfi, wanda rana ke duka: sawun kofaton shanu a bakin rafi, ramin da aka haƙa aka buga bulo, kwarin kunya a gonar fadama. In ka je Bokkos saro kaya, ɗauki farin kwano ka kamfato ruwa daga irin wannan wuri, ka ajiye ya natsu. Tsutsar da ka ga ta kwanta shame-shame a saman ruwan, in ka taɓa ta yi baya da sauri, ita ce ta mai zazzaɓi. Wadda ta rataye kanta a ƙasa a karkace, ta sauron kwata ce. To duk abin da ya buɗe ruwa ga rana a kan tudu, ya yi wa ta farkon gida, ya kuma ɗumama mata shi.

A Kabale ƙasar noma ta yi wa mutane kaɗan, sai suka sauka cikin kwari suka sare dogayen ciyayin da ke rufe fadama, suka ja lambatu suka shuka dankali da kayan lambu. Da aka auna, ƙauyukan da ke gefen fadamar da aka nome sun fi na gefen wadda ba a taɓa ba zafi da ɗan ƙasa da digiri ɗaya. Wato abin da ɗumamar duniya ke yi cikin shekara arba'in ko hamsin, fartanya ta yi shi a damina biyu. A yammacin Kenya an ga irin haka inda aka sare daji. A Tigray ta arewacin Habasha kuma gwamnati ta gina ƙananan madatsun ruwa don noman rani, aikin alheri ne, amma binciken da aka buga a 1999 ya nuna yaran ƙauyukan da ke kusa da madatsun sun ninka na nesa sau bakwai wajen kamuwa. Wanda ya jagoranci binciken shi ne Tedros Adhanom Ghebreyesus, wanda ya zama shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya a 2017. Mu da muke da Tiga da shinkafar Kura da Kadawa, ba sai an yi mana dogon bayani ba. Filato kuma ga tsofaffin ramukan kuza da suka zama tabkuna ana noman rani a gefensu. Har ginin gida yana da tasiri, saboda sauron a cikin ɗaki yake hutawa bayan ya sha jini, ɗakin kuma ya fi waje ɗumi da dare. Abin da ma'aunin zafi na filin jirgi ya faɗa daban, abin da sauron da ke maƙale a bayan labule yake ji daban.

Sai zirga-zirga. Sauro ba ya tafiya mai nisa, ƙwayar a jinin mutane take hawa tudu. Tsaunukan Kenya sun fara ganin annoba ne bayan layin dogo daga Mombasa ya isa Kisumu a 1901, da kuma dawowar sojoji da 'yan dako daga Yaƙin Duniya na Ɗaya. A Habasha duk shekara dubban 'yan ci-rani na sauka daga tudu zuwa gonakin riɗi na Metema da Humera, su kwana a fili ba gidan sauro, su koma gida da kuɗi a aljihu da cuta a jini. Duk motar da ta hau daga Serti ta bi ta Mayo Selbe ta nufi Gembu, ba mamaki akwai wanda ke ɗauke da ƙwayar bai sani ba, don shi jikinsa ya saba. Kai ma, Alhaji, kana iya zama ɗaya daga cikinsu ranar da ka kai ziyara.

Mafi muni shi ne in hukuma ta saki aiki. Tsaunukan Madagaska sun kusa rabuwa da cutar zuwa wajajen 1960, ta hanyar feshin maganin sauro na DDT da rabon kulorokwin. Aka daina feshi, wuraren rabon magani suka rufe, sauron ya dawo ta gonakin shinkafa a hankali, ya tarar da jama'ar da ta yi shekara ashirin ba ta san cutar ba. Tsakanin 1986 da 1988 dubban dubatar mutane suka mutu, sai da aka koma feshi gadan-gadan a 1993 abin ya lafa. Burundi a ƙarshen 2000 ta haɗa komai wuri guda: yaƙin basasa tun 1993, noman shinkafa a kwarin tsaunuka, kulorokwin ya daina aiki, ga yanayi ya juya, miliyoyi suka kamu cikin watanni. Habasha ta sauke masu kamuwa zuwa wajen miliyan ɗaya a 2019, sai ga yaƙin Tigray da rikicin Amhara da Oromiya, asibitoci suka rushe, rabon gidan sauro ya tsaya. Daga Janairu zuwa Oktoban 2024 kaɗai aka lissafa sama da miliyan bakwai. Zafi bai ninka sau bakwai cikin shekara biyar ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

In ka ce in auna maka su, ga ra'ayina. Zafi shi ke yanke iya tsayin da cutar za ta iya kaiwa, kuma yana ɗaga wannan iyaka sannu a hankali, ba ja da baya. Amma yawan waɗanda za su kamu da waɗanda za su mutu a ƙarƙashin iyakar, magani da gidan sauro da zaman lafiya ne ke yanke shi. Dubi ƙasarmu: a 2010 kashi 42 cikin ɗari na yara 'yan ƙasa da shekara biyar aka samu da ƙwayar a jini, a 2021 ya koma kashi 22, kuma waɗannan shekaru suna cikin mafi zafi da aka taɓa aunawa a duniya. Shi ya sa ba na jin daɗi in ji jami'i ya buɗe baki da "sauyin yanayi" kafin ya faɗi yaushe aka yi rabon gidan sauro na ƙarshe a yankinsa.

Tudu ma ya fi mu sauƙin sha'ani ta wata fuska. A Garki, can cikin Jigawa ta yanzu, Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Najeriya sun yi aiki daga 1969 zuwa 1976, feshi da rabon magani ƙauye-ƙauye, cutar ta ragu ƙwarai amma ba ta yanke ba, da aka tsaya ta dawo, don a ƙasa mai zafi irin tamu ƙarfin yaɗuwarta ya yi yawa. A kan tsauni da ƙyar take riƙe da kanta, kuma ba ko'ina take ba, tana taruwa ne a gidajen da ke cikin kwari kusa da ruwa. Feshi a waɗannan gidaje kafin lokacinta, tare da lura da lissafin masu zazzaɓi mako-mako, yana iya tare annoba tun ba ta kankama ba.

Game da ƙanenka, abu na farko shi ne gwaji. Ba duk zafin jiki ne na sauro ba, a ƙasar sanyi ciwon haƙarƙari na yara yana da yawa, kuma in aka yi ta ɗura wa yaro maganin maleriya ana iya rasa shi a kan cutar da ba a nema ba. Gwajin ɗan yatsa minti goma sha biyar ne zuwa ashirin. In ya nuna ita ce, a ba shi mai haɗin atimisinin, a cika kwana ukun nan ko da ya miƙe yana wasa a rana ta biyu. Kulorokwin Najeriya ta ajiye shi don wannan cuta tun 2005, kar mai kemis ya miƙo masa. Yaron da ke amai ba ya riƙe magani, ko jijjiga, ko barcin da ba a iya tashinsa, ko numfashi sama-sama, wannan na asibiti ne a daren, allurar atesunet yake bukata. Ya duba kuma inda gidansa yake: in a gangare ne kusa da rafi ko lambu, kowa ya kwana cikin gidan sauro duk sanyin da ake yi, mai juna biyu kuma kar ta yi wasa da zuwa awo.

Sannan ranar da za su zo Kano hutu ko biki a damina, ka ɗauki yaran nan da aka haifa a Gembu a matsayin baƙin da ba su da garkuwar 'ya'yanka, ko da sun girme su. A ɗaura musu gidan sauro tun daren farko. In sun koma, duk zazzaɓin da ya taso daga mako guda har zuwa wata ɗaya bayan tafiyar, a gaya wa ma'aikacin lafiya cewa daga Kano suke, a yi gwaji a ranar.